Zanen Gwaggo a Teburin Mai Guga

"Matsa mini, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba!"

Gwaggo ta ture hannun matar Mai Guga ta kutsa tsakar gida, sandarta na dukan siminti. Da safen nan ta ji maƙwabta na cewa an dawo da Mai Guga daga asibiti, likita ya ce a kai shi gida kawai. Wasu suka kama share hawaye. Ita kuwa abu ɗaya ne ya faɗo mata a rai: mutumin nan zai mutu da zanenta.

Zanen shi ne na ƙarshe da 'yarta ta saya mata kafin ta rasu. Tun ranar da aka binne yarinyar, Gwaggo ba ta ƙara taka coci ba, ba ta ƙara durƙusawa ba. Ta ce ta gama magana da Wanda ba ya amsawa. Da zanen ya fara warin akwati ta kai shi wanki da guga, sai ga labari wai ya ƙone. Ta aika, ba a kawo ba. Ta je da ƙafarta, ya ce bai gama ba tukuna.

Kowa a layin ya san yadda yake aiki. Ba ya ɗora dutsen guga a kan tufa sai ya ambaci mai ita a gaban Allah. Rigar direba, a tsare shi a hanya. Rigar mai ciki, a sauke ta lafiya. Gwaggo ta sha faɗa cewa da yana buɗe ido yadda yake buɗe baki, da kayan mutane sun tsira.

Ta same shi kwance kusa da taga, ya rame kamar tsinke. Teburin aikinsa na nan gefen gado, da tulin wankakkun kaya a kai.

"Maƙwabciya," in ji shi, yana murmushi, "rakiya kika zo mini?"

"Rakiyar me? In tafiya za ka yi, tafi da naka. Ba ni zanena. Kuma ka faɗa da bakinka, gaban matarka, cewa gyangyaɗi ka yi ka ƙone shi."

"Haba Yaya," in ji matar, "ki duba halin da yake ciki mana."

"Na duba. Shi ya sa nake sauri."

Mai Guga ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya nuna ƙarƙashin tebur, matar ta jawo zanen ta shimfiɗa. Rabinsa a goge sumul, rabi a yamutse, ga shatin dutsen guga baƙi ƙirin a tsakiya. Gwaggo ta ji zuciyarta ta yi zafi kamar a kanta aka ɗora shi.

"Ni na ƙone shi, ki yafe mini," ya ce. "Amma ba gyangyaɗi ba ne. Kowace tufa, kafin in kai bakinta addu'ar mai ita ta ƙare. Taki ce ta ƙi ƙarewa. Na fara, na rasa abin da zan roƙa miki, na tsaya ina jira a ba ni. Sai ƙauri na ji."

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Amma ban taɓa mayar da kaya rabi da rabi ba. Hannuna ya mutu, bakina da saura. Ki goge, ni in faɗa, sai ki ɗauki abinki."

Gwaggo ta ja tsaki. Amma ta ga hanya mafi kusa zuwa zanenta ke nan. Ta jingine sanda ta ce a zuba gawayi a dutsen guga. Matar ta zuba, ta fifita har ya yi ja, ta miƙa mata.

Ya fara a hankali, ba irin muryar fasto ba, kamar dai mai hira da wanda ke zaune bakin gado. "Ubangiji Yesu, ga maƙwabciyata. Ka san bakinta, ni ma na sani. Fushi take da kai, kuma ba ta ɓoye ba. Kai ma ka taɓa tsayawa a bakin kabari ka yi kuka."

Hannun Gwaggo ya tsaya.

"Matsar da shi," ya ce, idonsa a rufe, "kada mu ƙone shi sau biyu."

Ta matsar. Tururi ya tashi cikin hasken taga. Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar layi ta ja baya, ta ji tsigar jikinta ta tashi kamar wani ya shigo ya tsaya a bayanta. Ba ta yarda ta waiga ba.

"Abin da nake roƙa mata shi ne," in ji shi, "ka ba ta…"

Suka jira. Matar ta sunkuya ta taɓa ƙirjinsa, ta daɗe a haka, sannan ta sa tafin hannu ta shafa fuskarsa, ta zauna a ƙasa.

Saura kamu ɗaya a kai bakin zanen. Gwaggo ta dubi rufin ɗakin.

"To, ka ji shi," ta ce da kakkausar murya. "Ni ban san abin da zai ce ba, kai ka sani. Ka ɗauke mini 'ya, yanzu ka ɗauke wannan. Ka riƙe su da kyau. Sauran maganarmu tana nan, zan zo. Amin."

"Amin," in ji matar cikin kuka.

Gwaggo ta goge bakin zanen, ta ninke shi, ta rungume a ƙirji da ɗuminsa. Ta kai hannu ga sandarta, sai ta fasa. Gawayin bai mutu ba. Ta jawo wata 'yar rigar makaranta daga saman tulin, ta shimfiɗa, ta gyara wuyan da yatsa.

"Ke," ta ce a hankali, "wannan ta ɗan wane gida ce?"