Harshen Ladan Maccido

Mutanen unguwar gabas a Birnin Malam sun daɗe ba su damu da agogo ba, domin suna da Maccido. Shi ne ladanin masallacinsu tun yana saurayi, kuma Allah ya hore masa murya irin wadda manomi zai ji daga can cikin fadama ya ajiye fartanya. Matarsa Delu takan tsokane shi ta ce ba don muryar nan ba da ba ta kalle shi sau biyu ba, tunda ban da dogon wuya ba shi da wani abin nunawa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai wuyan ne rumbun muryar.

Ɗansu namiji ɗaya ne, Ubaidullah, direban babbar mota mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Wata shekara motar ta kife da shi a hanya, aka binne shi can. Labari kawai ya iso gida. Jama'a suka zo gaisuwa, kowa ya ce a yi haƙuri, kowa ya koma gonarsa. Maccido ya bar barci, ya bar cin abinci, ya koma zaman zaure yana hira da ɗan da ba ya nan. Wata rana da hantsi ya shiga masallaci ya kunna lasifika ya rangaɗa kiran salla. Mutane suka baro aiki suka zo da alwalarsu, suka tarar rana ko tsaka ba ta yi ba.

Ƙanensa Dalhatu ya ɗauke shi zuwa wani asibiti a birni, Delu ta bi su. Likitan ba mugu ba ne, mutum ɗaya ne ga marasa lafiya cike da baranda. Ya tambaya ko yana barci, aka ce a'a. Ya tambaya ko yana magana shi kaɗai, aka ce e. Maccido ya buɗe baki zai ba da labarin motar, likita ya ce Allah ya jiƙan rai, ya rubuta magani, ya ce a dawo da shi bayan wata ɗaya. Abin da ya sa sai an dawo, da abin da ƙwayar ke iya yi wa mutum in ta daɗe a jiki, babu wanda ya tsaya ya faɗa musu.

A gida Maccido ya ture ƙwayar.

"Ba hauka nika yi ba, Delu," in ji shi. "Ɗiyana na rasa, ko kabarinai ban gani ba."

"Na sani, Malam. Sha dai ka samu barci."

Bai sha ba. Delu ta kalli ƙasusuwan wuyansa da suka fito, tsoro ya kama ta, don ta riga ta rasa ɗaya. Sai ta murƙushe ƙwayar da bayan ludayi ta dama masa a fura, ta ƙara sukari. Ya sha, ya yi barci har da minshari. Cikin 'yan makonni ya dawo masallaci yana kira a kan lokaci. Ya rage magana, ya bar dariya, sunan Ubaidullah ya bar bakinsa gaba ɗaya, amma a wurin mutanen gari wannan shi ne sauƙi. Mata suka riƙa shigowa yi wa Delu barka.

Wanda ya samu sauƙi kuma me zai kai shi birni? Da magani ya ƙare sai ta ba Dalhatu fankon kwalin, ya nuna wa wani mai kemis a Jega ranar kasuwa, ya sayo irinsa. Mai kemis bai taɓa tambayar wa ke sha ba. Haka aka yi ta yi, albasa ta fito ta wuce, wata ta fito, shekaru suka taru. Duk lokacin da Delu ta yi niyyar bari, sai ta tuna kiran hantsin nan ta jawo ludayi.

Abin ya fara ne kamar wasa. Ta lura yana motsa baki, ta ce, "Malam, goro ka koma ci a ɓoye?" Babu goro. Leɓunan ne ke taunar iska da kansu. Daga baya harshen ya shiga fitowa yana komawa ba da izininsa ba, kalmomin kiran salla suka fara cakuɗewa. Aka yi rubutu ya sha. Aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero ko muƙamuƙi ne ya goce, suka lalube shi suka ce ƙashi lafiya lau. Liman ya zo har zaure, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce Murtala tela zai riƙa kama masa kiran kafin ya warware. Maccido ya gyaɗa kai. A ranar bai ci tuwo ba.

Da suka koma asibitin, wata likita suka tarar. Ta dubi bakinsa, Delu ta ciro kwalin daga bakin zane ta miƙa mata.

"Tun yaushe yake shan wannan, Inna?"

Delu ta faɗa. Likitar ta ajiye biro.

"Wa ya ce a ci gaba da ba shi?"

"Ba wanda ya ce a bari, ɗiyata."

Likitar ta yi bayani a hankali. Maganin ne ya taɓa harshen. Kada a yanke shi lokaci ɗaya, za a riƙa ragewa, a sauya wani. Motsin bakin yana iya raguwa, yana kuma iya zama ke nan. Maccido ya juyo ya kalli matarsa, yana kokawa da harshensa.

"Wane magani, Delu?"

"Cikin hura nika sa maka, Malam."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

Aka rage ƙwayar. Ya dawo cikin hayyacinsa fiye da da, ya koma ambaton Ubaidullah, wata rana ma ya yi kuka sosai, kukan da aka danne masa shekaru. Wannan karon Delu ta zauna ta saurare shi har ya gama, ita ma ta yi nata. Hankali ya dawo, harshe kuwa ya ƙi.

Ranar wata Laraba Murtala ya tafi Maiyama jana'iza. Azahar ta yi, Delu tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta ji lasifika ta yi ƙara, ta ji gyaran muryar da ta sani tun tana budurwa. Rariya ta tsaya a hannunta. Abin da ya biyo baya numfashi ne da tsotsar leɓe da wani sauti mai tashi yana karyewa, lasifika tana kai shi kowane gida har fadama. Maccido bai fasa ba, yana tsayawa a inda ake tsayawa, yana ja a inda ake ja.

Delu ta ajiye rariyar, ta gyara ɗankwali. Hawaye na bin fuskarta ta shiga amsa kiran kamar yadda ake amsawa, gaɓa bayan gaɓa, tana faɗin kalmomin da shi ya kasa furtawa, har ya kai ƙarshe.