Cizon Magagari a Bayan Wili

Motoci arba'in da ɗaya muka gyara a garejin dillali Haverkamp a shekarar 1969, kuma cikin mu shida da muka yi aikin ni kaɗai na rage da rai. Shi ya sa duk watan Yuli ƙungiyar masu tara tsofaffin motoci ke aikowa a ɗauke ni zuwa filin baje koli na nan Ohio. Su zaunar da ni a inuwa, su ba ni gasasshiyar masara, su riƙa nuna ni ga baƙi kamar ni ma kayan tarihi ne.

Aikinmu a wancan lokaci ba wani abin alfahari ba ne. Haverkamp zai sayo sabuwar mota daga masana'anta, mu tsige injinta mu dasa ƙato, mu sa mata manyan birki. To, birkin nan sai ya riƙa gugar cikin wili, wato ƙarfen da ake ɗaura wa taya. Haverkamp kuwa marowaci ne na ƙarshe, ya ce shi ba zai sayi wasu wili ba. Ya miƙo mini magagari ya ce, "Merle, rage musu ciki." Haka na kwashe bazara guda ina gurzar ƙarfe, tafin hannuna duk kanta, ina zaginsa a zuci. Ban taɓa gyara wurin ya yi kyau ba, tunda ba mai leƙawa.

Bayan shekara biyar gobara ta cinye ofishin garejin da takardunsa kaf. Yau fenti da tambarin Haverkamp kowane ɗan damfara zai iya saya ya manna, har motocinmu arba'in da ɗaya sun haifi ɗari biyu. Shaida ɗaya ta rage, wato cizon magagarina a bayan wili. Nakan zura hannu in shafa. In na ce nawa ne, alƙaliyar ƙungiyar, Gwen Sobczak, ta sa hannu a takardar shaida. In na ce ban ji ba, motar ta zama kwaikwayo har abada.

A bana aka kawo wata koriya a rufaffiyar tirela, ta wani likitan haƙori, Preston Aldridge. Ma'aikata huɗu suka turo ta da farar safar hannu, don kada a tayar da injin ya yi datti. Motar da muka haɗa don ta yi gudu har tayarta ta yi hayaƙi a titi, ita ce aka shimfiɗa wa darduma, aka jera madubai a ƙarƙashinta. Ni dai tsakani da Allah na raina mutanen nan. Ba su san ƙanshin birki mai zafi ba, amma za su yi awa guda suna gardama a kan launin noti.

Likitan shekara takwas ke nan yana shirya motar don ya sami takardar nan. Ya riga ya gayyaci 'yan jarida, ya buga riguna da hoton motar, matarsa ma tana tsaye da kyamara. Da Gwen ta gabatar da ni, hannuna ya kalla, bai kalli fuskata ba. Ya ce a ba tsoho safa kada ya ɓata masa fenti. Gwen ta yi masa bayani cewa da safa ba zan ji komai ba, sai ya sa aka kawo ruwa da sabulu na wanke hannu a gaban jama'a, yana tsaye a kaina.

Kafin in durƙusa ya soma ba da labari, da murya irin ta wanda ya saba magana da mutanen da bakinsu ke buɗe ba su iya ba shi amsa. Wai a rumbun wani manomi ya samo ta, da wilinta na asali duka huɗu, lambar shekara tana jikinsu. Sai dai wani jahili, in ji shi, ya taɓa kama su da magagari ya yi musu kaca-kaca ta ciki. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana gyara ɓarnar da mutane ke yi wa haƙoransu ba zai iya barci da wannan ƙazanta a motarsa ba. Don haka ya kai su wajen wani gwani, aka yi wata uku ana gogewa har suka koma sumul.

Gwen ta sunkuyar da kai. Ashe likitan ya haddace komai na motar, amma bai taɓa tambayar abin da nake lalubawa a bayan wili ba.

Na durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, na zura hannu. Santsi kamar cikin kofi. Amma can kusa da inda birki ke wucewa, yatsana ya faɗa wani ɗan kwari, wurin da ƙarfe ya fi siranta. Gogewa ta share cizon, ba ta iya mayar da abin da na rage ba. Na zagaya sauran ukun, duk haka. Tamu ce. Har na tuna ta, ita ce koriyar da na yanke a babban yatsa ina gurzar wilinta na baya. Da na ce a kawo abin awo a gwada kaurin wurin, da Gwen ta yarda, don ba ta taɓa musa mini ba.

Na dafa taya na miƙe, tunda motar an hana ni taɓawa. Likitan ya ce, "To, tsoho, yi sauri mana, mutane na jira."

Na ce, "Likita, jahilin nan da ka ambata, ka san sunansa?"

Ya yi dariya ya ce ina zai san sunan kowane ɗan gareji.

Gwen ta buɗe alƙalaminta ta tambaye ni yadda ta saba, "Baba Merle, ka ji cizon?"

Na ce, "Ban ji ba, 'yata. Gaskiya aikin nan ya yi tsabta. Ni ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba."

Ta mayar da murfin alƙalamin. Likitan ya soma ɗaga murya yana cewa a sake dubawa, wai wilin na asali ne, yana da hotunansu kafin a goge. Gwen ta ce hoto ba ya cikin ƙa'ida, hannu ne. Matarsa ta sauke kyamarar.

Na koma inuwa na tarar masarata ta huce. Ina ci ina kallon mutum huɗu da farar safa suna tura ta cikin tirela, koriyar da na zubar wa jini, a hankali, kada wilin ya taɓa ƙura.