Ɗagin Yatsa Huɗu

"Yatsa huɗu za ka ɗaga min ita, gaba da baya," na ce wa Filibus, makanikin da ke bayan tashar Anka. "Na gaji da jin cikinta na sharar ƙasa a hanyar fadama."

"Buhu biyu na shinkafa, Baba Namadi."

"Kai da matarka ku biyu ne, ina za ku kai buhu biyu? Ɗaya."

"Ɗaya da rabi. Kuma ta Gummi, ba mai tsakuwa ba."

Munka tafa. Daminar 1981 ce, akori-kurata kuwa ita ce gonata, ita ce jakina. Filibus ya ƙara ganyen sifirin a baya, a gaba ya sa ƙarfen tokara. Don aiki ya yi sauri, shi ya yanka ƙarafan hagu, ya ba Gambo maƙeri, maƙwabcinshi, na dama. Ta fito tsaye zanƙal, yaran mota na ta yaba ta.

Kwana uku bayan nan na nufi rugar Ardo Hayatu, kusa da Bukkuyum. Shekara ashirin duk dabbar da mutanenshi za su kai kasuwa ni ke ɗauka. Wannan karon farin bijiminshi ne zai kai Gummi, kuma ba ya son a kora shi da ƙafa ya zube.

Tun ina fanko na ji mota ta canza hali. Sitiyari ya karkace, in na sake shi sai ta nufi hagu kamar jakin da ya hangi gida. Na ce ko hanya ce. A Bukkuyum na samu fili mai laushi, na tsaya, na duƙa na gwada ƙarafan da hannuna. Hagu huɗu. Dama biyar da ɗoriya. Sannan na tuno hannuwan mutanen biyu: yatsun Filibus kamar tsinken tsire, na Gambo kamar rogo. Kowa ya yanka huɗu, da gaskiyarshi.

Komawa Anka ya kamata in yi. Amma ranar ce kasuwa, kuma ban saba ce wa Bafillace motata ba ta da lafiya ba.

"Kaɗo, ka yi wa jakarka dogayen ƙafafu," in ji Ardo yana zagaya ta. "Wanga sa da hannuna ni ba shi dusa. In ya ƙwarzane kada ka sake tako rugata."

"Ardo, kai dai riƙe sandarka. Ko ƙwai ka aza sai ya isa."

Dariya ya yi, amma na san shi. Ba ya maimaita magana.

Da anka ɗaure bijimin, baya ya zauna, gaba ya ɗaga kai, sitiyari ya zama sakwaf a hannuna. Kowane rami sai ya fizge. Sa ya jingina hagu, mota ta bi shi, ni in ja dama. Kafaɗuna sunka ƙage, gumi na bin gemuna. Ardo na gefena yana ba ni labarin uwar bijimin da kakarshi.

"Na ji ka yi shiru, Kaɗo."

"Wuridi nake."

Gab da Gummi hanya ta hau tudun da anka cike a tsakiyar fadama, shinkafa da ruwa dama da hagu. Na sa giya ta biyu, ina ta lallaɓawa. Sai ga babbar mota ta fito daga gaba, ba ta da niyyar kaucewa. Na ba ta ɗan wuri, abin da na yi sau ɗari a wannan tudu. Tana wucewa, tayar gaba ta faɗa wani rami, sitiyari ya kufce, na juya shi dama ya ƙi amsawa da wuri. Ƙafar hagu ta sauka gefen laka, mota ta kwanta a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa.

Mu ko ƙwarzane babu. Bijimin kuwa igiya ta riƙe ƙahonshi, jikinshi ya tafi, ƙafar gaba ta karye. Yana nishi, yana kallon Ardo.

Ardo ya matsa kusa da shi cikin ruwa. Sannan ya zare wuƙarshi ya miƙo min.

"Namadi, ni ba ni iyawa. Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

Na fuskantar da shi alƙibla, na yanka.

Kafin jini ya tsaya, wani mahauci mai suna Magaji ya iso a keke. Masu wucewa ne sunka kai labari kasuwa. Nama a bakin hanya ba ya jiran ciniki, sai ya taya rabin kuɗin san da rai, Ardo ya sallama ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya koma Bukkuyum a motar haya.

Magaji ya ci riba, ya yi kilishin da anka daɗe ana zancenshi. Ardo ya rasa sanshi. Ni na rasa Ardo, da duk rugagen da ke jin maganarshi. Har na sayar da motar, shanunsu da ƙafa suke wuce ni a hanya.