Shirun Kyaftin

"Matso mana, Biyu! Wannan sauron naka tsoron gajimare yake yi ne?"

Tela ya gyara abin kunnensa, ya kwantar da sandar tuƙi hagu kaɗan. A allon kwamfuta ɗan jirgin yaƙinsa ya karkata, ya zo ya daidaita da fiffiken ƙaton jirgin Kyaftin. Can ƙasa teku ne, shuɗi iya ganin ido. Ya danna maɓallin da ke jikin sandar, don sai an danna shi magana take wucewa, ya ce, "Biyu."

Iyakar abin da aka yarje masa ya faɗa ke nan. A ƙa'idar Kyaftin jagora shi ne Ɗaya, ɗan rakiya kuma Biyu, kuma aikin Biyu bai wuce ya manne wa fiffiken Ɗaya ya riƙa amsawa da lambarsa ba. Tela kuwa ko da allura a bakinsa sai ya yi gardama, shi ya sa ƙa'idar ba ta taɓa daɗewa a tsaye ba.

Bango ɗaya ne tsakaninsu, a saman benen gidan haya. Wayar da ta haɗa kwamfutocinsu ta fita ta tagar Kyaftin, ta bi bayan bututun ruwa, ta shigo ta tagar Tela. Kyaftin dai bai taɓa tuƙa jirgin gaske ba. Malamin makaranta ne da ya tsufa yana koyar da taswira. Yana saurayi ya nemi shiga sojan sama, aka sallame shi saboda idonsa ba ya raba ja da kore. Da ya yi ritaya sai ya sayo kujerar tsohuwar mota wurin masu gwangwan, ya kafa ta a tsakiyar falo, ya sa babban allo a gaba da ƙarami a dama don ganin gefe. Mutanen layi suka laƙaba masa Kyaftin don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Wata rana Tela ya hau kai masa ɗinki, aka ce ya ɗan taɓa sandar ya ji, shi ke nan ya kamu. Tun daga lokacin rana na take tsaka yake jawo ƙofar shagonsa da ke ƙasan benen ya haye sama, masu ɗinki su yi ta ƙorafi ko a jikinsa.

Bara zuciyar Kyaftin ta fara ba shi matsala, har aka kwantar da shi asibiti. Da aka sallamo shi, 'yarsa Auta, wadda ita kaɗai ta rage masa a garin, ta tsaya kai da fata sai ya koma gidanta.

"Baba, ga ɗaki can na gyara maka. Kujerar nan kuma a bayar da ita."

"Kujerar nan ita ce ɗakina, Auta."

Ta juyo wurin Tela, idonta ya ciko. "Kawu, ka yi masa magana don Allah. Kai yake jin taka."

Maimakon ya goyi bayanta, Tela ya ɗaga abin kunnen ya nuna mata. "Ki bar shi, 'yata. Da safe mai aiki tana nan, da yamma kina zuwa. Tsakar rana kuwa yana cikin kunnena. Ko tari ya yi zan ji."

Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta zare makulli ɗaya daga cikin nata ta miƙa masa. Ba wanda ya yi mata zancen maɓallin. Ba ɓoyewa suka yi ba, sun dai saba da shi ne har sun daina ganinsa. Amma a kan wannan magana ta Tela aka bar tsohon a gidansa, kuma Tela ya sani.

Yau ma ga su a sama, sun nufi gaɓar abokan gaba.

"Dubi yadda kake zuƙe mai," in ji Kyaftin. "Kafin mu ga ƙasa ka fara kuka. Inji ɗaya! In ya mutu ka mutu. Nawa in ɗaya ya tsaya, ɗan'uwansa ya kai ni gida."

"Yallaɓai, wannan tankar taka kafin ta gama juyawa na zagaye ta na zauna a bayanta ina shan shayi."

"Kafin ka hango ni na daɗe da ganinka. Idon jirgina ya fi naka nisa, makamansa sun ninka naka."

"Kaya kam ka ɗauko, kamar mai tashi daga haya."

"Kai dai tela ne, ƙaramin abu kake so, mai shiga kafar allura."

Tela ya yi dariya har kujera tana ƙara. Daɗin gardama ya ɗebe shi, bakinsa ya riga tunaninsa. "To jiya wa ya zo sauka ya wuce titi ya faɗa gonar mutane? Injin naka biyu ne ai a lokacin."

Yana sakin maɓallin ya san ya yi ɓaranɓarama. Ba laifin jirgi ba ne jiya. Hannun Kyaftin ne ya fara rawa tun da aka canza masa magani, kuma duk cikinsu ba mai ɗaga zancen.

Ba a amsa ba.

Tela ya san wannan shirun. Kyaftin yana kiransa shirun yaƙi: in an kusa ƙasar abokan gaba sai a daina magana kada su ji ta rediyo. Amma abin mamaki, abokan gaban nan ba sa kusantowa sai lokacin da aka ɓata wa Kyaftin rai. Yakan yi gum har a sauka, sai washegari ka ji muryarsa garau kamar ba a yi komai ba. Don haka Tela ya ja bakinsa ya tsuke, ya ƙara matsowa kusa da fiffiken, ya ce a ransa bari tsoho ya huce.

Jirgin Kyaftin yana tafiya sumul, ba hawa ba sauka. Tela har yana yaba masa a zuci: ashe yau hannun ya tsaya. Daga titi ana jin mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa. Matar Tela ta leƙo ta ce mai wandon nan ya dawo yana jira a ƙasa, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Ɗaya, Biyu ne. Abokan gaban sun tafi cin abinci, ka iya magana."

Shiru.

Gaɓa ta bayyana, farin yashi da duwatsu. A nan suke karya dama kullum su bi kwari. Tela ya fara kwantar da sanda, sai ya ga Kyaftin ya miƙe ɗoɗar ya wuce. Ya yi tsaki ya dawo ya bi shi. Wato sabon horo ne, so yake ya ja shi nesa har mansa ya ƙare don ya nuna masa. Ya bi shi a haka, tsaunuka suna wucewa ƙarƙashinsu, allurar mai tana yin ƙasa. Tausayin tsohon ya kama shi, da kunyar abin da ya faɗa. Ya nisa, ya danna maɓallin.

"To Yallaɓai, na yarda. Mai inji biyu ya fi. Ya fi nisa, ya fi ido, ya fi komai. Nawa sauro ne."

Shekara da shekaru Kyaftin yake jiran wannan magana. Ba fushin da zai hana shi cewa a maimaita bai ji da kyau ba, ya kuma buga bango da sanda don matar Tela ta zo ta zama shaida. Tela ya kasa kunne yana murmushi, yana jiran dariyar. Murmushin ya bushe a fuskarsa.

Ya fizge abin kunnen, ya saki sandar, ya warci makulli daga jikin ƙusa, ya fita ba takalmi. Ya buɗe ƙofar Kyaftin ya shiga.

Fanka tana juyawa a falon. Warin man zafi, kofin ruwa a kan ɗan tebur da ƙwayoyin maganin rana a gefensa ba a sha ba. Kyaftin yana zaune a kujerar motarsa, kansa ya langaɓe dama wajen ƙaramin allon, tabarau ya zamo kan hanci. Hannunsa yana kan sandar tuƙi, babban yatsan yana kwance dab da maɓallin.

"Yallaɓai. Yallaɓai! Baba!"

Ya kama hannun, ya ji ya fara sanyi.

Ihunsa ne ya hawo da mai kemis ɗin ƙasan benen. Mutumin ya dafa wuyan tsohon, ya ɗaga fatar idonsa, ya sauke numfashi. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai haƙuri, Tela."

"Da na shigo da wuri fa?"

"Irin wannan wani lokaci ba ya jira."

"Wani lokaci fa ka ce."

Mai kemis ya kau da kai. "Allah ne masani."

Suka cire masa abin kunnen, suka ɗauke shi zuwa gado, matar Tela ta kawo mayafi aka rufe shi. Tela ya kira Auta a waya, amma ya kasa faɗa. "Ki zo, 'yata," kawai ya iya cewa, ita kuwa ba ta tambayi komai ba. Maƙwabta suka cika baranda suna magana ƙasa-ƙasa. A cikin wannan ruɗani ba wanda ya tuna da kwamfuta.

Auta ta iso daga wurin aikinta. Ta wuce ɗaki kai tsaye, ta jima, sannan ta fito tana share fuska da gefen mayafi. Ta tarar da Tela tsaye a bayan kujerar, shi kaɗai a falon.

"Kawu, ba ka ji komai ba? Bai yi nishi ba, bai kira ka ba?"

Tela ya so ya ce abin ya zo ne farat ɗaya, kamar yadda mai kemis ya buɗe masa hanya. Bakinsa ya ƙi. Ya miƙa hannu ya nuna mata maɓallin. "Sai ya danna nan nake jinsa."

Ta sunkuya ta duba. Ɗan abu ne bai fi ƙwayar wake ba, fentinsa ya goge saboda yawan taɓawa.

"Ashe sai an danna," ta ce a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. "Shi kaɗai ya cika ke nan."

"Ina gefensa, 'yata. Wallahi ina gefensa. Na ɗauka fushi yake yi da ni." Hawaye suka kece masa, bai ko goge ba. "Ina ta binsa ina tsokanarsa."

Sai a lokacin ta ɗaga kai ta kalli babban allon. Jirgin yana nan yana tuƙa kansa a kan saitin da Kyaftin ya bar shi, hancinsa a miƙe, gajimare yana rabewa gabansa. Ta juya ga ƙaramin allon na dama. Ƙarshen fiffike ne kawai da sarari.

"Ina naka?"

"Na sake shi na taho. Ya faɗi tuni."

Ta kai hannu wajen makunnin kwamfutar, ta tsaya. "In na kashe me zai faru?"

"Ba komai. Duhu kawai."

Ta janye hannun. Ta tattara zanenta ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da gefen kujerar motar. A baranda wani yana tambayar ko an sanar da yayyenta. Tela yana tsaye a inda yake, ƙafafunsa ba takalmi a kan siminti. Jirgin ya tsallake tsaunuka na ƙarshe ya shiga wani fili mai faɗi da ba su taɓa kaiwa ba, wata 'yar fitila a kusurwar allon ta fara ƙiftawa tana nuna mai ya yi ƙasa.