Albasar Labaran

Rekiya ta sake juya shafi na huɗu, leɓɓanta na motsi, gwiwoyinta a matse da bayan kujerar direba. Minti arba'in ke nan motar Dutsin-Ma tana tsaye a tashar Kurfi tana jiran mutum biyu, kuma ba wanda abin ya dama sai ita. Direban, Hudu, yana kan benci yana shan rake. Sau biyu tana leƙa kai ta taga tana tambayarsa, sau biyu yana ce mata yanzun nan.

Ƙarfe goma sha biyu ƙungiyar marubuta za ta zauna a Dutsin-Ma. Yau ake zaɓen labarai goma da za su shiga littafin da ƙungiyar za ta buga. Ƙa'idar ita ce kowa ya karanta nasa da bakinsa, sannan a ɗaga hannu, ranar Litinin kuma a kai wa mai ɗab'i. Wanda bai shiga ba sai ya jira shekara biyu, in ma an sake yi. Shekara uku Rekiya tana rubutu in ta taso daga makarantar firamaren da take koyarwa, amma ba ta taɓa ganin sunanta a jikin takardar da ba ita ta buga da kanta ba.

Ba ta shakkar labarinta. Rabin 'yan ƙungiyar ba su da abin rubutawa sai attajirin da ya sauko daga jirgi ya ga wata kyakkyawa a kanti. Mutanen da motar haya ke kawo su taro, suna rubuta gidaje masu hawa uku da ba su taɓa shiga ba, alhali ga madatsar ruwan Zobe nan a gefensu, ga dubban mutane suna noman rani, ba wanda ya ga sun isa a sa su a labari. Ita ta sa su. Da ta tura labarin a zauren ƙungiyar na waya, mutum goma sha huɗu suka rubuta Masha Allah.

Matar da ke kusa da ita, wata mai jiki da ta ce sunanta Fatu, ta gaji da kallonta ta tambaye ta ko addu'ar shiga mota ce take yi har shafi shida. Rekiya ta yi dariya ta ce labari ne, ita ta rubuta. Fatu ta ce to ai sai ta karanta musu, tun da direba ya rantse sai ya ƙarar da raken Kurfi kafin su tashi.

A gidan gaba akwai wani dattijo siriri mai farar hula, Malam Rabo, mutumin Makera da ke bakin ruwan Zobe, ya zo sunan jikarsa zai koma gida. Ya ce shi ma kunnensa a buɗe yake. Rekiya ta ga ba laifi ta gwada muryarta kafin taro, ta gyara zama ta fara.

Labarin wani manomi ne, Labaran, mai fangalin albasa a bakin ruwan Zobe. Saura kwana uku ya cire albasarsa zazzaɓi ya kwantar da shi, injin ban-ruwa kuma ya lalace. 'Yarsa Nana, wadda ta gama sakandare, ta je gona ta tarar lawashin albasar duk ya kwanta, ƙasa ta bushe. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ɗauki bokiti biyu ta yi ta jido daga safe har la'asar, kwana uku a jere, hannuwanta suka yi kanta suka fashe, ta shayar da fangali arba'in ɗaya bayan ɗaya.

Tana cikin karatun fasinja biyun suka samu, Hudu ya ta da mota, ya kashe rediyo da kansa. Sun wuce ƙarshen gari lokacin da ta kai inda Labaran ya miƙe daga jinya ya ga albasarsa ta tsira, ya rungume buhunan yana hawaye. Fatu ta goge ido da bakin mayafi ta ce Allah ya ba kowa 'ya irin wannan.

Kafaɗun Malam Rabo ne suka fara girgiza. Rekiya ta ɗauka kuka yake yi, har ta ji wani daɗi ya ratsa ta. Sai ta ji sautin.

"Ɗiyata," ya ce, yana share hawayen dariya, "wagga yarinya mi ubanta ya yi mata?"

"Kamar yaya, Baba?"

"Ai ta kashe shi. Da ta bar shi da zazzaɓin ya fi mashi sauƙi."

Ya juyo da rabin jikinsa ya yi mata bayani a hankali. Albasa in lawashinta ya kwanta, ba ƙishi take ji ba, ta nuna ke nan. Daga ranar manomi yake yanke mata ruwa da gangan, kwana goma ko fi, don wuyanta ya bushe ta yi ƙarko. Wanda ya shayar da ita ana gobe cirewa, zai zuba ta a buhu tana ƙyalli, kafin mako biyu wari ya kore shi daga ɗaki. Ya ce injin da ya lalace ma taimakon Labaran ya yi.

Rekiya ta ɗaga takardunta. Ta ce ta yi bincike, ta karanta cewa albasa tana son ruwa ƙwarai. Malam Rabo ya ce gaskiya ne, shi ma yana son tuwo, amma ba a ɗura masa in ya ƙoshi. Hudu ya ce shi tun da aka ambaci bokiti ya ji jikinsa ya mutu, don ya taɓa ɗauko irin wannan albasar zuwa Katsina, sai da ya wanke but ɗin motar da omo sau uku. Fatu, wadda ta gama kuka ba da daɗewa ba, ta fi kowa dariya.

Rekiya ta koma kallon takardun. 'Yar mai sayar da hatsi ce, ta san masara da gero a buhu da kwano, amma ba ta taɓa tsayawa a cikin fangalin albasa ba ko sau ɗaya. Kuma ba kalma ɗaya ba ce za ta goge. Duk labarin a kan ruwan nan ya tsaya.

Can ta ɗago ta tambayi dattijon abin da manomi zai yi in aikin gama ya gama. Ya ce ba ajiya ke nan. Sai ya cire ta a ranar, ya kai kasuwa ɗanya, ya sayar wa masu abinci da masu tsire yadda ta samu. Ta tambaye shi ko zai daki yarinyar. Ya yi ɗan tunani.

"Fangali arba'in da bokiti? A'a. Zan dai zauna in yi dariya har cikina ya yi ciwo, sannan in nuna mata wuyan albasa. Laifina ne da ban taɓa kai ta gonar ba."

Ta rubuta wannan a bayan shafi na shida, biro na tsalle saboda ramukan hanya.

Sha biyu saura kwata ta isa makarantar da ƙungiyar ke aron aji. Shugaban, Malam Atiku, malamin adabi ne da ya yi ritaya, mutum mai fara'a wanda bai taɓa cewa rubutun kowa bai yi ba. Ta same shi a baranda ta gaya masa komai a tsaye, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

Ya saurare ta yana murmushi, ya ce ta kwantar da hankalinta. Labarin ya yi kyau, shi kansa ya taɓa masa zuciya, kuma ya riga ya ji ra'ayin mutane, ba abin da zai hana shi shiga. Mai karatu hawaye yake nema, ba darasin aikin gona ba. Manoman Makera kuwa ba su ne za su sayi littafin ba.

"To don su na rubuta, Malam."

"Na sani, Rekiya. Amma abin da kowa ya yaba ba a taɓa shi ranar zaɓe. In kika kawo wani abu daban, ban ɗaukar miki alkawarin hannu ko ɗaya ba."

Ta roƙe shi ya sa ta a ƙarshe. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to.

Ta zauna a bencin baya, kusa da tagar da ba ta da ƙyaure. Mutum goma sha bakwai ne za su karanta. Ta ji attajiri na farko ya sauka daga jirgi, ta ji na biyu ya yi haɗari ya manta sunansa. Ta zare shafi biyu na ƙarshe ta ninke su ta tura cikin jaka, sannan ta sake ciro su ta duba. Kalmomin da ta fi so a duk abin da ta taɓa rubutawa suna nan, wajen da Labaran ya rungume buhu. Wata uku tana gyara su. In ta karanta su yadda suke, ranar Litinin sunanta yana hanyar maɗaba'a. Ta mayar da su jaka ta ja zif, ta yage fallaye biyu daga littafin shirin darasinta.

Da aka kira sunanta hannunta ya yi shuɗi da tawada. Shafi huɗun farko ta karanta su yadda kowa ya sani, kawuna suna gyaɗawa. Daga nan sai Labaran ya dogara sanda ya iso gona, ya ga fangali arba'in sharkaf da ruwa, ya ga 'yarsa tsaye tana jiran yabo da hannuwa a fashe. Ya zauna a kan kunyar gonar ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya tuge albasa ɗaya ya nuna mata wuyanta. Washegari uba da 'ya suka loda ɗanyar albasa a amalanke, ita ce ma ta fi shi iya ciniki da masu tsire, suka dawo da rabin abin da ya sa rai, yana ta tsokanarta a hanya, tana cewa ai shi ya ja, da ya riƙa cewa gona ba wurin 'yar boko ba ce.

Dariyar ta fara daga tsakiyar aji, ta bazu. Malam Atiku bai yi ba da farko, ya tsuke baki yana duban takardar gabansa, amma da aka zo wajen masu tsire sai da ya cire tabarau ya goge.

Kafin a ɗaga hannu, wani ma'aikacin asibiti mai suna Ɗayyabu ya miƙe ya ce yana da magana. Ya ce alhamdu lillahi da ta gyara, domin shi a gonar albasa ya tashi, tun ranar da ta tura labarin ya ga matsalar. Wani daga gefe ya ce shi ma ya gani. Wata ta ce mijinta ta karanta wa, ya ce wannan albasa sai dai a zubar.

Rekiya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun suna cikin masu Masha Allah.

"Mako uku labarin yana wayoyinku," ta ce. "Me ya hana ku faɗa mini?"

Ɗayyabu ya sosa ƙeya ya ce sun ga ta sha wahala, ba su so su karya mata gwiwa. Ta ce da sun bar ta ta shiga littafi da ruɓaɓɓiyar albasa, da gwiwar da ƙafar duk sun tafi. Aka sake dariya, har da su.

Hannu ashirin da ɗaya ta samu cikin ashirin da shida. Ta ƙirga da idonta sau biyu. Da sakatare ya rubuta sunanta a allo, na huɗu a jerin goma, sai ta zauna a bencin wani tana murmushin da ta kasa rufewa.

Ana shirin tashi Malam Atiku ya ce saura wanda zai duba labaran goma kafin Litinin, waƙafi da aya kawai, ba wani aiki ba ne. Yadda aka saba, kowa ya shiga neman takalminsa. Rekiya ta ce a ba ta. Ya miƙa mata su cikin farin ciki, har da nasa a sama, ya sa mata albarka.

Bayan ta yi azahar ta kira babanta ta gaya masa, ya ce a sayo masa littafin guda biyar ko da bai fito ba. Ta nufi tasha tana tafe tana leƙa takardun. Labarin Malam Atiku na wani masunci ne a Zobe, wanda ya jefa taru, ƙatuwar komar nan da mutane da yawa ke ja, shi kaɗai daga cikin kwalekwale ya jawo kifin da ya aurar da 'ya'yansa uku. An rubuta shi da Hausa mai daɗi ƙwarai. Ta karanta shafin farko, ta rage sauri, ta tsaya.

A bakin tasha akwai mata huɗu masu suyar kifi, hayaƙi na tashi daga kaskonsu. Ɗan kamasho yana kiran Kurfi mutum ɗaya. Rekiya ta bar shi yana kira, ta tsallaka titi ta yi wa matan sallama, ta sayi kifi guda, ta ja wani ɗan benci ta zauna.

"Iya, a cikinku wace ce maigidanta ke sana'ar su a Zobe?"

Uku suka ce su ne. Ta goge man kifin a gefen mayafinta, ta buɗe shafin farko.