Turancin Mamuda Mai Kambun Baka

Kowa a Roni ya san bakin Mamuda. Ba ya zagi, ba ya ƙarya, kambun baka ne da shi tun yana yaro. Ya yaba gonarka, tsutsa ta cinye geron. Ya ce jakinka ya yi ƙiba, kafin kasuwa ta ci ya karye. Shi ya sa ya koyi kame bakinsa. 'Yarsa tilo, Ma'u, da yake ji da ita kamar ransa, ko "Allah ya raya ki" bai taɓa ce mata ba.

A zamanin En'e aka ce ana neman malamin allurar shanu mai jin Turanci. Mamuda ya riƙa takawa zuwa Kazaure wurin Malam Lauwali, wani malamin elemantare mai faɗan tsiya. Karatu na tafiya lafiya lau, har aka zo wani darasi.

"Nasara yana da wata magana," in ji Malam Lauwali, "ta abin da bai zo ba, amma a faɗe shi kamar an gama. Kafin gobe zan kasance na ci tuwo. Wil haf! Kuma kada wanda ya cusa mini in sha Allahu a ciki. Kowa ya je ya gwada da abin gidansu."

Mamuda ya tuna da halin bakinsa. Amma ya ce a ransa, wataƙila bakin nan ba ya jin Turanci. Ya tsaya gaban kazarsa ya ce da Turanci, kafin Juma'a za ta kasance ta ƙyanƙyashe. Ranar Juma'a ƙwai suka fashe, wari har gidan maƙwabta. Ya sake gwadawa da rumbunsa, cewa kafin damina zai kasance ya cika. Da hantsi, ba iska ba ruwa, rumbu ya zauna ƙasa riris. Ashe bakin ya fi Malam Lauwali jin Turanci!

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Ma'u. Ta rame, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Ranar jarrabawa matarsa Shatu ta ce, "Malam, je ka, zamanka ba magani ba ne."

Baturen likitan dabbobi ne ke jarrabawar, Malam Lauwali na gefensa. An gaya wa Baturen 'yar Mamuda ba lafiya, shi kuma a ganinsa kirki zai yi. Ya ce da gurguwar Hausarsa, "Juya mini wannan: kafin kaka, 'yata za ta kasance ta warke."

Wayyo Mamuda! Kalmomin na nan a kan harshensa, ya iya su sarai, ya kuma san in suka fita sai dai a haƙa kabari. Ya tuna yarinyar yadda ya baro ta. In alherin bakinsa ke kashewa, to, sharrinsa fa?

Ya miƙe, ya faɗa da Turanci tsaf, babu ko tuntuɓe: kafin kaka, 'yarsa za ta kasance ta mutu.

Bature ya ajiye alƙalami. Malam Lauwali ya ce, "A'uzu billahi! Fita, la'ananne!"

Aikin ya tafi, bai ko waiwaye shi ba. Ya kama hanyar Roni yana sassarfa, wani masinja a kan keke ya wuce shi bai yi masa sallama ba.

Da la'asar ya iso. Ga Ma'u zaune a ƙofar gida, tana kurɓar kunu da hannunta, gumi na tsattsafo mata a goshi. Sai ga Shatu ta fito da ƙunshin kaya a ka.

"Masinja ya gaya mana," in ji ta. "A gaban Nasara, Malam? 'Yar cikinka? Garin Gwiwa za mu, gidan iyayena."

Zai iya yi mata bayani. Amma bayanin sai ya ce yarinyar ta sami sauƙi, ga ta kuwa a gabansa. In ya furta, bakin nan ba zai bar ta ba.

Shatu ta goya ta. Ma'u ta waiwayo ta ce, "Baba, ba za ka ce mana Allah ya kiyaye hanya ba?"

Mamuda ya sa hannu biyu ya toshe bakinsa, hawaye na bin yatsunsa, har suka sha kwana.