Takarda Ta Bakwai

Ƙanwata tana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi mata tsiya a kai. Duk dogon hutu, idan makarantu suka rufe, sai ta ware mako guda, ta yanka takardu bakwai, ta rubuta sunan wuri a kowacce, ta ninke ta zuba a tsohon gwangwanin madara. Kowace safiya bayan an sha shayi, ƙaramar 'yarta za ta rufe ido ta zura hannu, duk abin da ya fito can za a wuni. Kuma wuraren duk a cikin gari suke, babu wanda ya wuce hawa bas ɗaya. Nakan ce mata, "Ke dai ba ki da aikin yi. Mutane na kai 'ya'yansu ƙasashe, ke kina kai naki kallon jirgin ƙasa." Sai ta yi dariya ta ce in ji da ɗinkina.

Bana ta rasu, saura wata biyu a yi hutu. Ta bar 'yan mata biyu. Babbar shekararta sha ɗaya, muna ce mata Malama don ba a yin kuskure a gabanta ta ƙyale. Sai Auta mai shekara shida. Babansu direban bas ne, ya fita da sassafe sai yamma lis, don haka na kwaso keken ɗinkina na tare a falonsu.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Makonni biyun ƙarshe da ta yi a asibiti, ni na hana a kai mata yaran. Na ce ba za su ga uwarsu a wannan hali ba. Babansu ya yi ta roƙo, na kafe, kuma idan na kafe kowa ya san halina. Na gaya wa yaran cewa da zarar Mama ta samu sauƙi ko na kwana ɗaya ne, da kaina zan kai su. Sauƙin bai zo ba.

Tun daga nan Auta ta yi shiru. Yarinyar da a da sai an ce don Allah ta huta da surutu, yanzu sai ta wuni a bayan kujera tana tsinke zaren da na zubar. Abinci sai an yi da gaske. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Ranar Lahadin da hutu ya fara, babansu ya miƙo mini gwangwanin.

"Yaya, a gadon asibiti ta rubuta. Ta ce in ba ki idan lokaci ya yi."

Auta ta leƙo daga bayan kujera. Rabon da in ga idonta haka har na manta.

Washegari suna wanka na buɗe na ƙirga. Shida. Na sake ƙirgawa, na kife gwangwanin na bubbuga. Shida ne. Ƙarfin ƙanwata ya ƙare kafin ta kai ta bakwai. Na mayar na rufe, ban gaya wa kowa ba.

A bayan takardun magani ta yi rubutun, hannunta na rawa, haruffan suna gangarowa, ninkin ma duk a karkace. Auta ke zarowa, Malama ke karantawa, wani lokaci sai ta kai takardar bakin taga kafin ta gane. Litinin muka je tashar jirgin ƙasa, muka zauna a benci muna ɗaga wa mutanen da ba mu sani ba hannu, ni da girmana. Talata gidan namun daji, inda zaki ya juya mana baya ya yi ta barci, wani biri kuma ya kama gefen mayafina ta cikin waya muka yi ta ja-in-ja. Na zage shi tas. A nan na ji wani sauti a bayana, na waiga, ashe Auta ce ke dariya har da riƙe ciki. Laraba ɗakin karatu na gari, su suna duba littattafan hotuna, ni iskar fanka ta sa barci ya kwashe ni, sai Malama ce ta taɓa ni ta ce munsharina ya dami jama'a.

Alhamis takardar ta ce a hau bas ɗin Abba har ƙarshen layi. Muka zauna a bayansa. Sai kallon su yake ta madubi. Can Auta ta ƙwala, "Abba, ka wuce wata tsohuwa!" Ya taka birki, fasinjoji suka yi ta dariya, shi kuwa ya share ido da hannun riga. A hanyar dawowa Auta ta cinye burodinta ta karɓe nawa. Sannan ta ɗaga yatsu ta ce, "Inna, saura uku."

Saura biyu ne, ni kaɗai na sani. Na hango ta ranar Lahadi ta zura hannu ta shafo ƙasan gwangwani, ta koma bayan kujera. Na ce wallahi ba a gabana ba.

Da suka kwanta barcin rana na ɗauko littafin awona. Akwai shafin da ƙanwata ta rubuta mini awon yaran shekara biyu da suka wuce, da rubutunta mai kyau, kowane harafi a tsaye. Kwaikwayon samfur kuwa sana'ata ce, a nuna mini riga sau ɗaya in fitar da irinta. Na yi ta gwaji a takardar da nake zana yankan ɗinki har hannuna ya zama nata. Na zaro takardar magani a jakar da aka dawo da ita daga asibiti, na rubuta: Lambun gari, a hau lilo. Da na ninke sai na ga baki bai haɗu da baki ba. Shekara ashirin ina ɗinki ban taɓa barin layi a karkace ba. Na warware na daidaita, dutsen guga na kusa da ni da sauran zafinsa, na ɗan danna. Na duba na ji daɗin aikina, na jefa a gwangwani.

Juma'a bakin tafki ya fito, Asabar filin ƙwallon 'yan makaranta. Tawa ta tsaya har Lahadi.

Auta ta zaro ta. Maimakon ta miƙa wa yayarta, sai ta tsaya tana juya ta, tana shafa ninkin da yatsa. Ta buɗe a hankali. Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta san fasalin abu.

"Malama, duba! Wannan bai karkace ba. Hannun Mama bai yi rawa ba."

Malama ta karɓa. Ta dubi takardar, ta dubi dutsen guga a kan teburina, ta dube ni. Yarinyar da ba a kuskure a gabanta ta ƙyale. Na jira. Sai kawai ta karanta, murya ƙasa-ƙasa, "Lambun gari, a hau lilo."

"Ashe ranar ta samu sauƙi," in ji Auta, fuskarta fal murna. "Ta tashi zaune ta rubuta da kyau."

Sai murnar ta fara janyewa ina kallo. Ta juyo gare ni.

"Inna, kin ce idan ta samu sauƙi ko na kwana ɗaya ne za ki kai mu."

Magana ɗaya ce za ta wanke ni: in ce ni na rubuta, Mama ba ta taɓa samun sauƙi ba, shida kawai ta iya. Amma yarinyar ta ƙanƙame takardar a ƙirji da hannu biyu. Ta samu rana guda da uwarta ta zauna ba ciwo tana tunanin lilonsu, ni kuma in ƙwace?

"Na ce haka," na amsa.

"To me ya sa ba ki kai mu ba?"

"Laifina ne, Auta. Ban kai ku ba."

Sai ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Na miƙa hannu, ta goce ta faɗa jikin yayarta.

Duk da haka mun je lambun. A hanya Auta ta ƙi riƙe hannuna, takardar na cikin aljihunta, tana taɓawa lokaci-lokaci. Da ta hau lilo na matso zan tura ta, ta ce ba ni ba, Malama take so. Na koma benci na zauna da jakar ruwa a cinya.

Bayan wani lokaci Malama ta bar ta tana lilawa da kanta, ta zo ta zauna kusa da ni. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki gorar ruwa ta buɗe ta miƙo mini.

"Sha, Inna," ta ce. "Ba zan faɗa mata ba."